Ƙullutu a maɓuɓɓugar yawu: sikanin, MRI, allura ko tiyata, wanne za a zaɓa?

Mutum zai ji ɗan ƙullutu a gaban kunnensa ko ƙarƙashin muƙamuƙi, ba zafi ba ƙaiƙayi, wata da watanni yana nan, ko yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Da an je asibiti sai shawara ta rabu. Wannan likita ya ce a fara da sikanin, wancan ya ce sai MRI, wani ya rubuta gwajin allura, a gida kuma a sami mai cewa kada a yarda a soki wurin don zai bazu. Duk waɗannan gwaje-gwaje suna da amfani, amma kowanne da tambayar da yake iya amsawa, kuma kuɗi da lokaci sukan tafi a banza idan aka ɗora wa gwaji tambayar da ba tasa ba.

Abin da ake nema a gano

Manyan maɓuɓɓugan yawu guda shida ne, uku a kowane gefe: ta gaban kunne wadda likitoci ke kira farotid, ita ce hangum ke kumburawa, sai ta ƙarƙashin muƙamuƙi, sai ta ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ɗaruruwan ƙanana a ganɗa da leɓɓa da cikin kumatu. Kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙarin da ke fitowa a waɗannan gaɓoɓi a farotid yake, kuma a can wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100 ba kansa ba ne. A ta ƙarƙashin muƙamuƙi abin ya kusa rabi da rabi, a ta ƙarƙashin harshe kuwa mafi yawa kansa ne. Don haka wurin da ƙullutun yake shi kaɗai ma rabin bayani ne.

Cikin ƙari marasa kansa, biyu ne suka cika asibiti. Na farko filiyomofik adinoma, wanda ya fi kowanne yawa. Na biyu ƙarin Warthin, mai sunan likitan Amurka Aldred Warthin da ya yi bayaninsa a 1929. Shi ya fi kama manya masu shan taba, wani lokaci ma gefe biyu. Waɗannan ƙari biyun, likitoci sun saba da su, gwaji yakan gane su ba wahala.

Matsalar tana wajen sauran, waɗanda kowannensu bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na ƙarin maɓuɓɓugan yawu ba, wasu ma ba su kai haka ba. Akwai adinomar bazal, wadda ta fi fitowa a farotid. Akwai onkosaitoma ta tsofaffi. Akwai mayo'efitiliyoma. Akwai adinomar kanalikula, wadda galibi a leɓen sama ake samunta. Akwai wasu da likita zai iya gama aikinsa bai gani ba, irin su siyaladinoma mai tsiro a ganɗa, da waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara cikin jerin sunayenta na 2022. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne kowanne yana da takwaransa cikin nau'o'in kansa, mai ƙwayoyin halitta kusan iri ɗaya. Adinomar bazal da kansar bazal, idan ƙwayoyinsu kaɗai aka shimfiɗa ƙarƙashin madubin bincike, da wuya a raba su. Abin da ke raba su shi ne ko ƙarin ya tsaya cikin tantanin da ya lulluɓe shi, ko ya keta ya shiga naman da ke kewaye, ko ya bi jijiya. Wannan magana ita ce ginshiƙin duk zaɓin da za a yi a ƙasa.

Ma'aunan da za a duba

Na ɗaya, me gwajin ke iya nunawa: wurin da ƙarin yake, ko irinsa, ko iyakarsa. Na biyu, tsada. Na uku, ɗorewar sakamako, wato ko za a iya gina shawara a kansa ko sai an sake. Na huɗu, sauƙi ga majiyyaci. Na biyar, haɗari, kuma a nan babban abin kiyayewa shi ne jijiyar motsin fuska. Wannan jijiya ta ratsa tsakiyar farotid ta rabu rassa biyar, ita ke ɗaga gira da rufe ido da motsa baki. Ita ce kuma ta raba farotid gida biyu a wurin likitocin tiyata, ɓangaren sama da ɓangaren ciki.

Sikanin

Shi ne mafi araha, mafi sauƙin samu, ba radiyeshan, ba allura, cikin minti goma sha biyar an gama. Yana amsa tambayoyin farko da kyau: ƙullutun a cikin maɓuɓɓugar yake ko kaluluwa ce a gefenta, tsoka ne ko ruwa, guda ɗaya ne ko da yawa, akwai tsakuwa a hanyar yawu ko babu. Yana kuma leƙa kaluluwar wuya a zama ɗaya.

Rauninsa biyu. Ƙashin muƙamuƙi yana tare ɓangaren ciki na farotid, don haka ƙari mai zurfi ba ya ganuwa duka. Sannan ba ya iya raɗa wa ƙari suna. Adinomar bazal da onkosaitoma da ƙaramar kansa mai tafiyar hawainiya duk suna iya bayyana a zagaye, gefensu sumul. Takardar sikanin da ta ce gefen ƙarin a fili yake abin farin ciki ne, amma ba hujja ce ta cewa babu kansa ba. Ingancinsa kuma ya danganta ƙwarai da hannun mai yinsa.

MRI

Idan ana maganar zurfi da iyaka, babu kamarsa. Yana nuna ɓangaren ciki na farotid, da ko ƙarin ya tura gefen maƙogwaro, da alamun bin jijiya. Babu radiyeshan. Idan an haɗa da ƙarin ma'aunai na zamani, irin wanda ke auna yadda ruwa ke yawo cikin tsoka da wanda ke bin yadda ruwan haska hoto ke shiga yana fita, yakan ba da haske sosai a kan ƙari biyun nan da aka saba. A filiyomofik adinoma ruwa na yawo a sake kuma ruwan hoto na taruwa a hankali, a ƙarin Warthin kuwa yana shiga da sauri ya fita da sauri.

Ga ƙarin da ba a cika gani ba, hoton ya fi rikitarwa. Adinomar bazal da onkosaitoma sukan yi kama da Warthin a wasu ma'aunai, su yi kama da kansa a wasu. Onkosaitoma ma tana da wata ɗabi'a da aka sani, ta saje da naman farotid a wasu hotunan har ta kusa ɓacewa, kuma ƙwararren mai karanta hoto kan ɗauki wannan a matsayin alama. Duk da haka zato ne mai ƙarfi, ba hukunci ba.

Yana da tsada, ana jiran layi, kuma mutum zai kwanta cikin na'ura mai ƙara na minti 30 zuwa 45 ba motsi. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ko wani ƙarfe a jiki dole ya faɗa tun kafin a shiga. Mai ciwon ƙoda mai tsanani ma sai an yi shawara kan ruwan haska hoton.

Hoton CT

Ba zan daɗe a kansa ba. Yana da sauri, ya fi MRI sauƙin kuɗi a yawancin wurare, kuma ya fi kowa nuna tsakuwa da ƙashi, don haka yana da rana idan ƙari a ganɗa yake ana tunanin ya taɓa ƙashi. Amma akwai radiyeshan, cikon haƙori na ƙarfe yana ɓata hoton, kuma bai kai MRI rarrabe tsoka ba. A ganina wurinsa shi ne inda MRI ba zai yiwu ba. Hoton PET kuwa, wanda ake yi don neman kansa a jiki, bai dace da wannan tambaya ba sam, domin Warthin da onkosaitoma suna haske a cikinsa kamar kansa alhali ba ita ba ce. Da yawa ma ta haka ake tsintarsu, a wajen mutumin da aka yi wa PET don wata cuta daban, hankalinsa ya tashi ba gaira ba dalili.

Siririyar allura

Wannan shi ne gwajin da ake rubutawa FNAC. Ana sa allura wadda ba ta kai ta ɗibar jini kauri ba, a zuƙo ƙwayoyin halitta, a shafa a gilashi a duba. Sau da yawa ko allurar kashe zafi ba a buƙata. Yana da araha, ana yi a tafi gida, illarsa ba ta wuce ɗan kumburi ko taruwar jini ba. Tsoron da ake yi cewa allura za ta watsa ƙari, ga wannan siririyar abu ne da ba safai ake gani ba ko kaɗan, kuma bai kai dalilin ƙin gwajin ba.

Shawara ɗaya da zan nace a kanta ita ce a yi shi da jagorancin sikanin, ba da lalube ba. Ƙari da yawa suna da ɓangaren ruwa da ɓangaren tsoka. Idan allura ta faɗa ruwa kawai, sakamakon zai dawo babu komai, kuma akwai wata kansa mai sanyin hali da ta saba ɓuya ta wannan hanya. Inda ake da mai duba gilashin nan take ya ce samfurin ya isa ko a ƙara, ya fi kyau.

Tun 2018 ɗakunan bincike da yawa suna rubuta sakamakon bisa Tsarin Milan, wanda aka sabunta a 2023. Yana da matakai shida: samfurin bai isa ba, ba ƙari ba ne, akwai ƙwayoyin da ba a gane ba, ƙari ne, ana zargin kansa, kansa ce. Mataki na huɗu ya rabu biyu, kuma a nan ne batunmu yake. Idan aka ce ƙari ne marar kansa, yiwuwar daga baya ya zama kansa ce ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Idan kuwa aka rubuta SUMP, ma'ana ƙari ne amma ba a iya tantance halinsa ba, yiwuwar ta kai kimanin kashi 35 cikin 100. Yawancin ƙarin da ba a cika gani ba, a wannan gida na biyu suke faɗawa. Mutane kan ɗauka gazawar ɗakin bincike ce su nemi a sake. Ba gazawa ba ce, gaskiya ce likitan ya faɗa. Ƙwayoyin da ya gani suna iya zama na adinomar bazal, suna iya zama na kansar da ta yi kama da ita, kuma sake sokawa sau uku ba zai canja wannan ba.

Akwai wata ƙaramar illa da ya kamata a sani. Wani lokaci allura kan sa wani ɓangare na Warthin ko onkosaitoma ya mutu ko ya kumbura, ya yi zafi na kwanaki, ya kuma rikita wanda zai duba tsokar bayan tiyata. Saboda haka a tabbata an gaya masa an taɓa yin allura.

Allura mai kauri

A nan ana kashe zafin wurin, a sa allura mai kauri da ke yanko ɗan siririn zaren tsoka, ƙarƙashin sikanin. Bambancinsa da na baya kamar na wanda aka kawo wa ɓurɓushin bulo ne da wanda aka kawo wa yankin bango: na biyu yana ganin yadda aka jera ginin, amma shi ma bai ga katangar gidan ba.

Amfaninsa na gaske shi ne tsokar ta isa a yi mata rini na musamman da gwajin ƙwayoyin gado. Adinomar bazal takan nuna sinadarin beta-katenin a tsakiyar ƙwayoyinta. Filiyomofik adinoma tana da alaƙa da ƙwayoyin gadon da ake kira PLAG1 da HMGA2. Wata kansa mai bin jijiya da ake yawan rikita ta da adinomar bazal tana da alaƙa da MYB, wata kuma da MAML2. Da waɗannan ana iya fitar da wasu miyagun daga lissafi kafin a shiga ɗakin tiyata, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Ya kuma fi siririyar allura ƙarancin dawowa da cewa samfuri bai isa ba, kuma idan ana zargin kansar kaluluwa shi ya fi dacewa nesa ba kusa ba.

Ya fi tsada, yana buƙatar ƙwararren hannu, taruwar jini ta fi yawa, kuma maganin kashe zafi kan sa gefen fuska ya yi rauni na 'yan sa'o'i. Mai shan maganin tsinka jini ya faɗa tun farko. Iyakarsa kuma tana nan: zaren tsoka daga tsakiya ba ya nuna ko tantanin ya kece.

Tiyata

Cire ƙarin gaba ɗaya tare da tantaninsa shi ne gwajin da ke ba da suna na ƙarshe, kuma shi ne maganin a lokaci guda. A farotid ana iya cire ɓangaren sama bayan an gano jijiyar fuska an kiyaye ta, ko kuma, ga ƙaramin ƙari mai motsi da ke kusa da fata, a zagaye shi da ɗan naman lafiya a ciro. Yayin aikin ana iya daskarar da yanki a duba cikin kusan rabin sa'a don likita ya san ko zai faɗaɗa, kodayake ga waɗannan ƙarin masu wuyar sha'ani amsar sau da yawa sai an jira cikakken bincike.

Shi ya fi tsada da nauyi. Akwai maganin barci, akwai tabo. Raunin gefen fuska na ɗan lokaci ba baƙon abu ba ne, na dindindin kuwa kaɗan ne a hannun wanda ya saba. Fatar kunne takan daina jin taɓi na watanni. Wasu kan riƙa gumi a kunci idan suna cin abinci, matsalar da ke ɗauke da sunan Lucja Frey, likita 'yar Poland da ta yi bayaninta a 1923.

Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne a tsaga fatar gaban kunne a gutsuro yanki don gwaji, ko a ɓare ƙarin daga cikin tantaninsa kamar ana cire maruru. Yana jefa jijiyar fuska cikin haɗari, kuma idan filiyomofik adinoma ce ta fashe, tana iya dawowa bayan shekaru ƙullutai da yawa, tiyata ta biyu kuma ta fi ta farko wuya ƙwarai. A cikin baki hukuncin ya bambanta: babban ƙari a ganɗa ana iya gutsurarsa don gwaji, ƙarami a leɓe kuwa cire shi ake yi duka.

| Hanya | Abin da take nunawa | Tsada | Ɗorewar sakamako | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Sikanin | Wuri, girma, ruwa ko tsoka | Kaɗan | Matakin farko ne kawai | Sosai | Babu |
| MRI | Zurfi, iyaka, jijiya | Mai yawa | Mai kyau don tsara tiyata | Matsakaici | Kaɗan |
| CT | Tsakuwa, ƙashi | Matsakaici | Bai kai MRI ba a tsoka | Da sauri | Radiyeshan |
| Siririyar allura | Irin ƙwayoyin halitta | Kaɗan | Mai kyau ga ƙarin da aka saba | Sosai | Kaɗan ƙwarai |
| Allura mai kauri | Tsarin tsoka da rini | Matsakaici | Ta fi siririya, ba ta nuna tantani | Matsakaici | Taruwar jini |
| Tiyata | Suna na ƙarshe | Mafi yawa | Tabbatacce | Mai nauyi | Jijiyar fuska, tabo |

Wa ya dace da me

Mai ƙaramin ƙullutu a gaban kunne, yana motsi, ba zafi, fuska lafiya lau: sikanin da siririyar allura a zama ɗaya. Ga yawancin mutane wannan ya isa a yanke shawara, kuma wanda kuɗinsa ba zai kai ga komai ba, nan ya kamata ya sa su.

Wanda ƙullutunsa babba ne, ko ba a ga ƙarshensa a sikanin ba, ko ya turo cikin maƙogwaro: a ƙara MRI, kuma idan da hali a yi hoton kafin allura don jini kada ya ɓata shi.

Wanda allura ta dawo sau ɗaya da cewa samfuri bai isa ba: a sake da sikanin. Idan ta sake dawowa haka, a koma mai kauri.

Wanda aka rubuta wa SUMP kuma yana da ƙarfin jure tiyata: hanyar da aka saba ita ce a cire. Allura mai kauri tana da amfani ne idan amsarta za ta canja girman aikin, misali a san tun farko ko za a taɓa kaluluwar wuya.

Dattijo mai shan taba ko mai wasu cututtuka, wanda hoto da allura suka haɗu a kan Warthin: zuba ido tare da sikanin lokaci-lokaci zaɓi ne na hankali, domin da wuya ƙwarai wannan ƙari ya rikiɗe. Filiyomofik adinoma ba a yi mata wannan sassauci ga mai sauran shekaru a gaba, don haɗarin rikiɗewarta zuwa kansa yana ƙaruwa da daɗewa.

Mai ƙullutu a leɓe: a duba wane leɓe ne. Na ƙasa galibi jakar yawu ce da ta toshe. Na sama ya fi zama ƙari na gaske, kuma a wajen wanda ya haura hamsin adinomar kanalikula na kan gaba. Wani lokaci tana fitowa fiye da ɗaya, don haka a lalubi leɓen duka. MRI ba shi da wani aiki a nan, cirewa da bincike sun wadatar.

Wanda ke da ƙari a farotid kuma yana da ƙananan tsirrai a fatar kai ko fuska, musamman idan akwai irinsu a dangi: ya faɗa wa likita. Akwai nau'in adinomar bazal da ke tafiya da wannan gado, yakan fito wuri fiye da ɗaya, kuma ya fi sauran dawowa bayan tiyata, don haka bibiyarsa ta fi tsawo.

Wanda kuma ƙullutunsa ya fara girma da sauri, ko yana zafi ba ƙaƙƙautawa, ko ya manne ba ya motsi, ko fatar wurin ta fashe, ko gefen bakinsa ya karkace, ko ido ya daina rufuwa, ko kaluluwa ta fito a wuya: wannan ba ya cikin masu zaɓe a natse. Ya nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro ko na tiyatar kai da wuya cikin kwanaki, a haɗa masa MRI da allura tare, ko da wata takarda ta baya ta ce ƙarin ba kansa ba ne.